Inji ya mutu, me ya hana matuƙi juyowa nan take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kyaftin. Tashin jirgin da maigidana ya hau ke nan sai suka ji wata ƙara, wuta ta yi tartsatsi daga injin hagu. Maimakon matuƙin ya juyo, sai ya ci gaba da hawa, ya yi shawagi kusan rabin awa kafin ya sauka. Ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa ganganci ya yi da rayukan mutane. Ni kuma Umara zan tafi wata mai kamawa, ko barci ba na iya yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara tsarewa. Kwantar da hankalinki, abin da aka koya masa ya yi.

Ba a yarda jirgin fasinja mai inji biyu ya ɗauki mutane sai an tabbatar inji ɗaya zai iya ɗaga shi. Da an wuce gudun da muke kira V1 a kan titin tashi, wato gudun da in an wuce shi sauran titin ba zai isa a tsaya ba, tashi ya zama dole ko da inji ɗaya ya mutu. Hancin jirgin zai fizga wajen injin da ya mutu, sai ka danne feda da ƙafa ka miƙar da shi, a naɗe tayoyi. Hannu ba ya zuwa kan makunnin inji sai an kai aƙalla ƙafa 400. Duk wata shida ana kashe mana inji a na'urar gwaji, muna maimaita wannan.

Maganar "ya juyo nan take" kuwa, wallahi ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, daga bakin mutanen da ba su taɓa leƙa ɗakin matuƙi ba. Jirgin da ke ƙasa-ƙasa, gudunsa bai kankama ba, ga rabin ƙarfinsa ya tafi, ka karya masa kwana da gaggawa? Fukafukai su daina riƙe shi, ya rikito. Ga tankuna cike da mai, sau da yawa nauyinsa ya wuce na sauka.

A 1989, a Kegworth ta Ingila, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙa suka yi hanzari suka kashe na dama, mai lafiya. Mutum 47 suka rasu. Haka aka sake yi a Taiwan a 2015. Shi ya sa yau in ɗayanmu ya ɗora hannu kan makunni, ba ya ja sai ɗan'uwansa ya duba ya ce "shi ne". Rabin awar nan, takardar matakai suke karantawa layi-layi, suna lissafin tsawon titin sauka, 'yan kwana-kwana na jeruwa. Da wutar ta ƙi mutuwa, da ba su kai haka a sama ba.

Masu tura muryoyi su ji tsoron Allah, kuna hana bayin Allah barci kan abin da ba ku sani ba. Ke kuma Hajiya, in kin hango wuta ko hayaƙi ta taga, faɗa wa ma'aikaciyar jirgi, ki ce hagu ne ko dama. A Kegworth fasinjoji sun ga wutar a hagu, suka ɗauka matuƙa sun sani.