Ƙanena, kada ka sayi takardar gwajin tarin fuka

Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatun digiri na biyu a nan Ingila, amma tari ya addabe ka kusan wata guda, kuma wani a can Kano ya yi maka alkawarin takardar gwajin tarin fuka ba tare da ka taka Abuja ba, in dai ka kawo kuɗi. Sannan ka tambaya ko gaskiya ne wanda aka samu da cuta a nan haɗa masa kayansa ake yi a mayar da shi gida. Ba kai ka fara turo min irin wannan ba, kuma wallahi raina yana ɓaci duk lokacin da na ga mai ilimi kamarka ya fi tsoron gwaji a kan cutar kanta.

Mutumin nan zai kashe maka tafiya ne. Duk ɗan Najeriya da zai zauna a Birtaniya fiye da wata 6 sai ya kawo takarda daga asibitin da gwamnatin Birtaniya ta amince da shi, kamar na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas. Hoton ƙirji za a ɗauka, in an ga abin shakka a karɓi majina, sakamakonta kuma yakan kai mako 8. Takardar bogi in aka kama ta, ba biza kaɗai ka rasa ba, ana iya rufe maka ƙofa har shekara 10. To a ce ma ta wuce, tarin fa? A Kano za ka bar shi?

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ya zo shekarun baya. Sanyin hunturu na shiga ya fara zufar dare, har sai ya sauya riga kafin asuba, wandonsa ya koma yana ɗaure shi da igiya. Su huɗu ne a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sanyi. Citta da zuma ya yi ta sha, yana cewa mura ce, don an gaya masa likita zai kai sunansa ofishin shige da fice. Ranar da na ga jini a tsummansa na ja shi asibiti da kaina. Ya warke, alhamdu lillahi, amma sai da aka gwada duk 'yan ɗakin, shi kuma zangon karatu ya wuce shi. Ko kwabo bai biya ba, kuma babu wanda ya kore shi.

Doka ce ta ce haka, ba alfarma ba. A Ingila gwaji da maganin tarin fuka, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne ga kowa, har wanda takardunsa suka ƙare. Yin rajista da likitan unguwa ma haƙƙinka ne. Amma kada ka ɗauka za a miƙo maka a faranti. Farkon zuwana wata mai karɓar baƙi a wani asibitin unguwa ta kore ni, wai sai na kawo shaidar adireshi, tana magana tana kallon kwamfuta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Har yau ban manta da wulaƙancin ba. Na koma da ƙa'idar NHS, wato hukumar lafiya ta Ingila, a rubuce, wadda ta ce rashin wannan shaida ba dalilin hana mutum ba ne, aka yi min rajista. Tun daga nan duk sabon zuwa ni nake raka shi, kuma ina alfahari da hakan.

Sauran lafiya kuwa da kuɗinka. Ɗalibi yana biyan fam 776 na kowace shekara tun wajen neman biza, kuma duk da haka ganin likita sai ka yi ta bugun waya da ƙarfe takwas na safe. Haƙori da kuɗinsa daban. Kuma kada ka auna Saudiyya ko Dubai da nan, can gwajin izinin zama na iya mayar da mutum gida.

Abin da ya fi ba ni takaici, gwajin da kake gudu yana ƙofar gidanka. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, ga Asibitin Zana, ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano. Tun 2024 ma dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ka ga ko ka fasa tafiya sai ka miƙa hannu an ɗebi jini wata rana. Ka sa a haɗa maka da na ciwon hanta, in babu ka yi rigakafi.

In tarin fuka ne, magani wata 6 ne, ka rubuta wa jami'ar ka nemi a ɗage maka zuwa zango na gaba. Ka je gobe da safe, kuma kafin sakamako ya fito ka daina kwana ɗaki ɗaya da ƙannenka. Kuɗin motar Abuja ni zan turo. Ka gaida Hajiya.