Ga mai tambaya a kan shekarun Metusela: kada ka ce wa ɗalibanka watanni ne

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Sau biyu na karanta tambayarka, don na san irin wannan ciwon kan. Ka ce kana shirin koyar da Littafin Farawa sura 5 a ajin Lahadi, ka ɗauko wani jadawali a intanet, da ka haɗa lissafi sai ka tarar Metusela ya zarce Ruwan Tufana da shekara 14, alhali ba ya cikin mutum takwas ɗin da suka shiga jirgi. Sannan wani ya ce maka kada ka damu, ai shekarun nan duk watanni ne. Ka kwantar da hankalinka, lissafinka daidai yake. Jadawalin ne ya cuce ka.

Abin da ke ɓata mini rai ke nan da masu yaɗa irin waɗannan jadawalai. Mutum ya kwaso lambobi ya jera su da kala mai kyau, ya tura a WhatsApp, amma ba zai rubuta a ƙasa daga wane nassi ya ɗauko ba. Wasu ma sukan gauraya, shekarun haihuwa daga wannan, jimlar rayuwa daga wancan. Malami ya ɗauka da zuciya ɗaya ya tsaya gaban aji, yaro mai kaifin kai ya latsa waya ya ce "Malam, lissafin bai fita ba." Shi mai jadawalin yana can yana barcinsa, kai aka bari da zufa. Layi ɗaya tak zai ƙara ya raba mutane da wannan kunya, amma ina!

Lambobin Farawa 5 sun iso mana ta hanya uku. Akwai nassin Ibrananci da ake kira na Masoret, wanda fassarar Hausa da ke hannunmu take bi. Akwai Seftuwajint, fassarar Helenanci da aka fara a Iskandariya ta Masar wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Akwai kuma Attaurar Samariyawa. Daga Adamu zuwa Tufana, na farko ya ba da shekara 1,656, na biyu 2,242, na uku 1,307. Naka na Seftuwajint ne, ko tantama babu.

Ga yadda za ka gwada da kanka. Kowane mutum a surar, ban da Nuhu, yana da lamba uku: shekarunsa sa'ad da ya haifi ɗan da aka ambata, shekarun da ya yi bayan haka, da jimla. Ta farko kaɗai ake tarawa in ana neman shekarar Tufana. A nan da yawa suke zamewa, su tara jimlolin rayuwa su sami dubu takwas da wani abu, sun manta uba da ɗa da jika suna raye a lokaci guda. A Ibrananci, Adamu 130, Shitu 105, Enosh 90, Kenan 70, Mahalalel 65, Yared 162, Anuhu 65, Metusela 187, Lamek 182. Ka tara, za ka sami 1,056, shekarar haihuwar Nuhu ke nan. Ƙara 600 na Farawa 7:6, ya zama 1,656. Yanzu koma kan Metusela. Tara bakwai ɗin farko, an haife shi a shekara ta 687 daga halittar Adamu. Ƙara masa 969 ɗinsa. Ya ba ka 1,656 cif, wato ya mutu a shekarar da ruwan ya zo. Ɗansa Lamek an haife shi a 874, ya yi 777, ya riga ubansa mutuwa da shekara biyar.

A Seftuwajint kuwa an ƙara shekara ɗari a kan lambar farko ta mutum shida, aka rage ɗarin daga lamba ta biyu, don haka jimlar rayuwarsu ba ta canja ba. Adamu 230 da 700, har yanzu 930 ne. Shitu 205, Enosh 190, Kenan 170, Mahalalel 165, Anuhu 165, Yared yana nan a 162 ɗinsa. An haifi Metusela ke nan a 1,287. To a nan gizo ke saƙar: a wasu tsofaffin kofe an ce ya haifi Lamek yana da 167 maimakon 187, Lamek kuma ya haifi Nuhu yana da 188. Tufana ta faɗo a 2,242, Metusela kuwa sai 2,256 ya cika 969. Ga shekara 14 ɗinka. Wasu kofen Helenancin suna da 187, Tufana ta koma 2,262, matsalar ta ɓace. Kuma ba kai ka fara karo da ita ba. Agustin na Hippo, babban malamin Kirista na dā, ya zauna a kanta a kashi na 15 na littafinsa Birnin Allah tun ƙarni na 5, ya karkata ga cewa a bi Ibrananci inda suka saɓa.

Na Samariyawa shi ya fi ba ni mamaki. Yared ya haihu yana da 62, ya rayu 847. Metusela 67, ya rayu 720 kacal, wato a wurinsu ba shi ne ya fi kowa daɗewa ba. Lamek 53, ya rayu 653. Yi lissafin: an haifi Yared a 460, Metusela a 587, Lamek a 654. Dukansu uku sun mutu a 1,307, shekarar Tufana. Mutum uku su faɗi a shekara guda daidai, wannan ba tuntuɓen alƙalami ba ne. A ganina marubutan da suka riƙa kwafe littafin sun san da matsalar nan, kowace al'umma ta daidaita lambobin yadda babu wanda zai haye ruwan in ba mutanen jirgi ba.

Batun watanni kuwa, don Allah kada ka kai shi aji. Na san yana da daɗin ji. Raba 969 da 12, ka sami shekara 80 da wata tara, ka ce alhamdu lillahi an huta. Amma sai ka yi wa kowa haka. Mahalalel da Anuhu sun haihu suna da 65, wato shekara biyar da wata biyar. Kenan 70, bai cika shida ba. Ka gangara Farawa 11, Nahor ya haifi Tera yana da 29, yaron da ba a daɗe da yaye shi ba. Ibrahim da 175 ɗinsa zai mutu bai kai sha biyar ba, alhali Farawa 25:8 ta ce ya mutu da kyakkyawan tsufa. Labarin Tufana ma da kansa ya rufe wannan ƙofa. Ruwa ya fara ran 17 ga wata na biyu a shekara ta 600 ta Nuhu, jirgi ya tsaya ran 17 ga wata na bakwai, aka ce kwana 150, wato wata biyar masu kwana talatin talatin. An ambaci wata na goma a 8:5, sannan aka shiga shekara ta 601 a 8:13. Marubucin ya san bambancin wata da shekara sarai. Tun zamanin Agustin akwai masu cewa shekararsu goma ita ce ɗaya tamu, da wannan labarin Tufanan ya ba su amsa.

Akwai kuma masu cewa an tsallake sunaye a jerin. Wannan magana tana da tushe, William Henry Green, wani malamin tauhidi na Princeton a Amurka, ya kare ta a 1890, kuma Matiyu 1:8 ya tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya, wato Ahaziya, Yowash da Amaziya. Luka 3:36 ma yana da wani Kenan na biyu tsakanin Arfakshad da Shela, wanda yake a Seftuwajint amma babu shi a Ibrananci. Sai dai ka lura, wannan yana taɓa tsawon zamani ne kawai, lissafin irin na Bishop Ussher da ya sa halitta a 4004 kafin Almasihu. Ko sunaye ɗari aka tsallake, 969 ɗin Metusela tana nan daram. Mutane kan haɗa tambayoyin biyu su amsa ɗaya su ɗauka sun gama.

Af, tunda na taɓo sura 11, ka shirya mata, don a nan ɗalibai suka fi rikicewa. Shekaru suna sauka kamar matakala: Shem 600, Arfakshad 438, Shela 433, Eber 464, sai kwatsam Feleg 239, Reyu 239, Serug 230, Nahor 148, Tera 205. In ka tara lambobin farko na Ibrananci tare da shekara biyun da ke 11:10, tsakanin Tufana da haihuwar Ibrahim shekara 292 ce kawai. Ma'ana Nuhu, wanda ya yi 350 bayan ruwan, ya mutu Ibrahim yana da 58. Shem kuma ya zarce Ibrahim da shekara 35. Mutane suna jin wannan sai su yi tsit. Akwai wani tarko kuma a kan Tera: 11:26 ta ce 70, amma ya mutu yana da 205, Ibrahim ya bar Haran yana da 75, Ayyukan Manzanni 7:4 kuma ta ce bayan rasuwar ubansa ne. In haka ne Tera yana da 130 aka haifi Ibrahim, komai ya matsa da shekara 60. Samariyawa sun ba Tera 145, wato 70 da 75, lissafi ya zauna lafiya.

To mene ne lambobin suke nufi? Masu ɗaukar su a zahiri suna da magabata. Yosefus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya ce abincinsu ne ya fi dacewa da tsawon rai, kuma Allah ya ba su kwana don su iya gano tafiyar taurari, wadda ya ce tana bukatar shekara 600. Wasu malamai kuma suna duba siffar lambobin kansu. Duba na Ibrananci a sura 5, duk suna ƙarewa da 0, 2, 5, 7 ko 9, babu 1, 3, 4, 6 ko 8 ko sau ɗaya. Anuhu, na bakwai a jeri, ya yi 365, adadin kwanakin shekarar rana. Lamek 777, ga kuma wancan Lamek ɗin na zuriyar Kayinu da ke alfahari da ramuwa sau 77 a 4:24. Ibrahim 175 shi ne 7 sau 25, Ishaku 180 shi ne 5 sau 36, Yakubu 147 shi ne 3 sau 49. Tara 25 da 36 da 49, ka sami 110, shekarun Yusufu, adadin da Masarawan dā suke ɗauka a matsayin cikakkiyar rayuwa. Ni dai ina ganin tsarin ya yi yawa a ce dace ne, amma ban yarda da masu cewa sun gano mabuɗi guda da ke buɗe dukan lambobin ba, galibi sai sun tanƙwara biyu ko uku kafin ya shiga.

Maƙwabtansu na Mesofotamiya ma suna da irin wannan jeri, sai dai nasu ya wuce hankali. Jerin sarakunan Sumer da ke kan wani tubalin yumɓu a gidan tarihi na Ashmolean a Oxford ya lissafa sarakuna takwas kafin ambaliya, mulkinsu shekara 241,200. Na farko, Alulim na Eridu, 28,800, wato 3,600 sau takwas, domin da sittin sittin suke ƙirga. Na bakwai sarkin Sippar ne, birnin bautar rana, shi ya sa ake yawan kwatanta shi da Anuhu. Bayan ambaliya shekarunsu ma suka yi ta raguwa, Gilgamesh 126 aka ba shi. Ka ajiye 969 kusa da 28,800, sai ta zama kamar ta jariri. Ba lalle ka kai wannan ajin yara ba, amma na manya zai amfana.

In akwai wanda ya taso a gidan Musulmi a ajinka, zai kawo maka Suratul Ankabut aya ta 14, inda aka ce Nuhu ya zauna cikin mutanensa shekara dubu ba hamsin. Adadin ɗaya ne da 950 na Farawa 9:29. Bambancin shi ne Farawa ta ba da shi a matsayin dukan rayuwarsa, 600 kafin ruwa da 350 bayansa, ayar kuwa tana maganar zamansa cikin mutanensa ne sannan ta ambaci Tufana. Ka faɗi bambancin yadda yake, kada ka matse su su zama ɗaya don a rabu lafiya.

Wani zai ɗaga hannu da Farawa 6:3, shekara 120. Fassara biyu ce tun dā: ko iyakar ran mutum, ko wa'adin da ya rage kafin ruwa. Ta farko tana da wahala, tunda Yakubu ma ya kai 147, har yana ce wa Fir'auna 130 ɗinsa kaɗan ne in an gwada da na kakanninsa. Amma Musa ya tsaya a 120 daidai, Zabura 90:10 ta sauko zuwa 70 ko 80, kuma mafi tsufan da aka tabbatar da takardu a zamaninmu, Jeanne Calment ta Faransa, ta rasu a 1997 tana da 122.

Ka yar da jadawalin nan. Ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa da takarda, ja layi huɗu: suna, shekarar haihuwa, tsawon rai, shekarar mutuwa. Cika da hannunka daga sura 5 kaɗai, minti ashirin ya isa, ka rubuta a sama cewa lambobin Ibrananci ne. Ka bar ɗaliban su tara na Metusela da kansu a allo, 687 da 969. In mai kaifin kan nan ya zo da 2,242 daga wayarsa, ka ce masa na Seftuwajint ne, ka nuna masa inda 167 ta shiga a madadin 187.