Dalilin jinkirin kyautar Nobel ta Barbara McClintock

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa Barbara McClintock, masaniyar ƙwayoyin gado 'yar Amurka, ta yi shekara fiye da 30 kafin a ba ta kyautar Nobel. Ba komai ba ne illa ta riga kayan aiki zuwa. A ƙarshen shekarun 1940, da gonar masara da madubin ƙara girma kaɗai, ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado na tashi daga mazauninsu su koma wani wuri. Da ta gabatar da aikin a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke Amurka a 1951, mutane kaɗan ne suka gane inda ta dosa, don a lokacin ko siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado, ba a sani ba, sai a 1953. Sai da masu binciken bakteriya suka ci karo da irin wannan tsallen, daga ƙarshen shekarun 1960, sannan aka waiwaye ta. Ta karɓi kyautar ita kaɗai a 1983, tana da shekara 81.

Amma a yi hattara da wani kuskure da nake yawan gani wurin ɗalibaina: ba kowane goyon masara mai launi-launi ke nuna aikinta ba. Idan wannan ƙwaya fara ce, waccan ja, yawanci garin furen wata masarar ne iska ta kawo. Abin da McClintock ta bibiya shi ne ɗige-ɗige da zane-zane da tsallen ƙwayoyin gado ke haifarwa a jikin ƙwayar masara guda, kuma girman ɗigon na nuna ko tsallen ya faru da wuri ko a makare.