Tambaya da amsa: An ce wasanmu na makarantar siddabaru koyon sihiri ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne a jami'a, muna buga wasan tebur na ƙirƙirar labari mai suna Dungeons & Dragons duk daren Asabar, ni nake jan labari. Littafin wasan mai suna Strixhaven muka ɗauka, inda jarumanmu ɗalibai ne a makarantar siddabaru. Wasan ya fara gundurar mutane, kullum aji da jarrabawa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne ɗayanmu ya daina zuwa, wai yayansa ya ce sihiri muke koyo, har maganar ta fara yawo a ɗakin kwanan ɗalibai. Ko mu koma yi a ɓoye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar gundura mai sauƙi ce. Mutanen da suka wuni a aji ba za su zo da dare ka sake zaunar da su a aji ba. Taƙaita darasi cikin jimla biyu, jarrabawa kuma a jefa ƙwayar wasa irin ta lido a wuce. Littafin na 2021 ya raba labarin shekara huɗu, jarumai na hawa daga matakin ƙarfi na 1 zuwa na 10, ya kuma ba ka kwalejoji biyar masu kishin juna. A nan daɗin yake. Ba kowane jarumi aboki ɗaya, abokin hamayya ɗaya, da malamin da ke ɓoye wani abu, sannan ka sa asiri guda da za a tono kafin ƙarshen zango.

Batun ɓuya kuwa, kul! Kada ka soma.

Wannan jita-jitar ta girme ka, kuma na gaji da jin ta daga bakin waɗanda ba su taɓa zama minti goma a teburin wasa ba. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka a 1974. A 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace a Jami'ar Jihar Michigan, jaridu suka yi ta yayata cewa wasan ne ya ja shi cikin ramukan ƙarƙashin makaranta. Bayan kamar wata guda aka gan shi, kuma mai binciken da ya fara kawo zargin ya bayyana daga baya cewa damuwar rayuwa ce ta kori yaron, ba wasa ba. Ƙaryar ta riga ta yi nisa. A 1983 aka kafa ƙungiya sukutum don yaƙar wasan, har kamfanin TSR, mai wallafa wasan a lokacin, ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989 don iyaye su kwantar da hankali. Yau ga shi an juyo mana ita da Hausa, ana turawa a WhatsApp ba tare da an tambayi kowa ba.

Me ke faruwa idan ɗan wasa ya ce jaruminsa ya harba dunƙulen wuta? Ya ɗauki ƙwayoyi takwas masu fuska shida, irin na lido, ya zuba, ya haɗa lissafi, a rage daga lambar da ke kan takardar dodo. Shi ke nan. Babu surkulle da ake karantawa, babu turare, babu yanka, babu kiran kowa. Yaron da ya saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai zama maƙaryaci don Gizo ya yi ƙarya ba.

Duk da haka kada ka raina tsoron yayan abokinka. Sihiri babban zunubi ne, wanda ya ji an ce ƙanensa na koyonsa dole hankalinsa ya tashi. Hukuncin wasa da ƙwaya da na irin wannan labari na malaman addini ne, amma a kai musu bayanin gaskiya, ba na mai ji-ta-ji-ta ba. Idan bayan haka abokin naku ya ce zuciyarsa ba ta natsu ba, ku ƙyale shi, kada ku yi masa gori.

Abin da ya sa nake nanata maganar ɓuya shi ne na san yadda ake kallon taron dare a jami'o'inmu. Samari shida a ɗaki a kulle, da takardu masu zane da baƙin sunaye, gobe sai ka ji an ce ƙungiyar asiri ce. Wannan zargin yana iya kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, ko ma ya jawo masa duka kafin a saurare shi. Wanda ya fara yaɗa maganar kuwa yana can yana barcinsa, bai san ya jefa 'ya'yan mutane cikin hatsari ba. Jama'a mu ji tsoron Allah, mu daina ɗaukar abin da ba mu gani ba mu ɗora wa yara.

Ku mayar da wasan da rana, a fili, inda kowa ke wucewa, ba kuɗi a tsakani, lokacin salla kuma a tashi. Ka je da kanka ka gai da yayan nan cikin ladabi, ka miƙa masa littafin da takardar jarumin ƙanensa, ka roƙe shi ya zo ya zauna da ku ranar Asabar ya gani da idonsa.