Me ya sa Outlook ke ta tambayata kalmar sirri, alhali daidai nake sa ta?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da adireshin Hotmail da na daɗe ina aiki da shi, ta nan abokan ciniki ke turo mini takardu. Kwanan nan na sayi laftof ta hannu, mai shagon ya sa mini Office a ciki. Duk sanda na buɗe Outlook sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. In sa, in danna OK, ya ɓace, jim kaɗan ya sake dawowa, saƙo kuma ba ya shigowa. Na canza kalmar sirrin, duk a banza. A wayata kuwa lafiya lau. Ko dai kutse aka yi mini?

Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, kuma ka daina canza kalmar sirrin nan. Tunda wayarka na karɓar saƙo, alamu sun nuna asusun lafiyarsa ƙalau. Don ka tabbatar, buɗe burauza a laftof ɗin, ka je outlook.com, ka shiga da hannunka. Idan akwatin saƙonka ya buɗe, to kalmar daidai take, laifin na manhajar ne. Batun kutse kuwa, shiga account.microsoft.com, sashen Security, ka duba jerin lokutan da aka shiga asusun da wuraren da aka shiga. Kada ka firgita in ka ga an yi ta gwadawa daga ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba kuma an kasa. Tsofaffin adiresoshin Hotmail sun saba da wannan. Abin damuwa shi ne shigar da ta yi nasara alhali ba kai ba ne.

Abin da na fi zargi shi ne tsufan Outlook ɗin da aka sa maka. A da, manhajar imel takan adana sunanka da kalmar sirrinka, ta riƙa miƙa su ga sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni, duk sanda za ta ɗauko saƙo. Duk wanda ya saci kalmar ya gama da kai, kuma babu inda za a tsaya a nemi lambar tabbatarwa ta waya. Shi ya sa manyan kamfanonin suka rufe wannan hanya ɗaya bayan ɗaya. Google ya rufe ta ga masu Gmail a ranar 30 ga Mayun 2022. Microsoft ya fara rufe ta ga asusun ma'aikatu da makarantu daga 1 ga Oktoban 2022, sannan ya biyo kan masu Hotmail da Live da Outlook.com a ranar 16 ga Satumban 2024. A sabon tsarin, wanda ake kira OAuth, shafin Microsoft ne da kansa yake karɓar kalmar, sai ya ba manhajar wata takardar izini da takan yi aiki na kusan awa ɗaya, tana kuma sabunta ta a ɓoye ba tare da ta dame ka ba. Kamar maigadi ne da aka umarta ya daina sauraron suna a bakin ƙofa, sai mai katin shiga. Tsohuwar manhaja tana ta faɗin suna, ana ta korarta, ita kuma iyakar fahimtarta ita ce ka yi kuskure wajen rubutawa, sai ta sake miƙo maka akwatin.

Siffar akwatin ma za ta gaya maka inda kake. Idan ƙarami ne, mai gurbin suna da gurbin kalmar sirri da ɗan wurin da za ka yi alama a tuna da kai, tsohuwar hanya ce. Ta zamani tana fitowa ne kamar shafin intanet, da tambarin Microsoft a sama, ta fara tambayar adireshi, sannan kalmar sirri a shafi na gaba, wani lokaci har da lambar da za a turo wa wayarka.

Don ka san shekarar naka, danna File, sai Office Account, sai About Outlook (a na 2010 File ne sai Help, a na 2007 kuwa Help ne sai About). Outlook 2007 da 2010 da 2013 ba sa iya sabuwar hanyar da Hotmail, haka ma wasu nau'o'in 2016 da 2019 da ake sayar wa kamfanoni a dunƙule, waɗanda kuma su ne suka fi yawo a hannun masu sa manhaja a kasuwa. Idan naka na cikinsu, ba wani gyara da zai yi aiki, kada ka biya kowa kuɗin gyara. Ko dai ka koma sabon Outlook na Windows, wanda kyauta ne a Microsoft Store, ko ka sauke Thunderbird, wata manhajar imel, ita ma kyauta, ko ka ci gaba da burauza. Ni dai ga laftof mai ƙaramin ƙarfi na fi son Thunderbird, don saƙonninka na zaune a kan na'urar ko da data ta ƙare. Ka dai tabbata a saitin sabar an zaɓi OAuth2 a matsayin hanyar tabbatarwa, ga shigowar saƙo da fitarsa duka.

To idan Outlook ɗin na zamani ne fa, amma bai daina ba? Fara da agogon laftof ɗin. Mutane kan yi dariya in na faɗi haka, amma laftof ta hannu sau da yawa ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, sai ka ga tana nuna wata shekara da ta wuce duk sanda aka kunna ta. Takardar izinin nan tana da lokacin farawa da na ƙarewa, haka ma shaidar tsaron da sabar ke gabatarwa, don haka agogo marar daidai kan ɓata su duka. Shiga Settings, sashen Time & language, ka kunna saita lokaci kai tsaye, ka zaɓi yankin West Central Africa, wato awa ɗaya gaba da GMT. Yawancin waɗannan na'urori da lokacin Turai ko na Amurka suke zuwa.

Bayan agogo sai tsohuwar kalmar da Windows ya ajiye. Ka ce ka canza kalmar sirri. Mai yiwuwa Windows na nan riƙe da ta farko yana miƙa ta a madadinka. Rufe Outlook, ka buɗe Control Panel, sai Credential Manager, sai Windows Credentials. Duk layin da ya fara da MicrosoftOffice ko MS.Outlook, ko yake ɗauke da adireshinka, cire shi. Wannan ba ya taɓa saƙo ko ɗaya. In ka sake buɗe Outlook zai tambaye ka sau ɗaya ya ajiye sabuwar. Leƙa kuma Settings, Accounts, Access work or school, don a na'urar da ta fito daga wani kamfani akan tarar da asusun tsohon mai ita maƙale a wurin, Office na ƙoƙarin shiga da shi.

Idan duk wannan bai yi ba, ƙirƙiri sabon furofayil, wato sabon saitin asusunka a Outlook: Control Panel, Mail, Show Profiles, Add. A nan ne mutane da yawa ke komawa gidan jiya, domin sukan zaɓi saitin hannu su cika IMAP ko POP, wato hanyoyin ɗauko saƙo daga sabar, da lambobin da suka kwafo daga wani tsohon bayani. Rubuta adireshin kawai ka bar Outlook ya nemo sauran da kansa. Haka abin yake a iPhone: wajen ƙara asusu a zaɓi tambarin Outlook.com, kada a zaɓi Other. Amma kafin ka goge tsohon furofayil, duba ko POP ne. POP kan kwaso saƙonni ya zuba su a wani fayil mai ƙarewa da .pst a kan laftof ɗin, kuma yana iya share su daga sabar. Kwafe fayil ɗin zuwa filashi tukuna.

Masu Gmail da Yahoo da ke fama da irin wannan a tsohuwar manhaja suna da wata ƙaramar ƙofa, wato kalmar sirri ta musamman da ake ƙirƙira wa manhaja ɗaya daga shafin tsaron asusun. Ta Google haruffa 16 ce, kuma sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin a ba ka. Ga mai imel ɗin ofis kuwa, abin da na fi gani shi ne tsohuwar waya ko kwamfutar gida da aka manta da ita, tana ta gwada kalmar da aka riga aka canza har sabar ta kulle asusun, sai Outlook ɗin ofis ya shiga tambaya. Wannan sai an bi kowace na'ura an sabunta, sannan ma'aikacin sashen kwamfuta ya buɗe asusun.

A kula da abu ɗaya yayin duk wannan gwaje-gwajen: wanda akwati ya gajiyar da shi yakan zuba kalmar sirrinsa a duk inda aka nema. Idan buƙatar ta zo ne a cikin saƙon imel, da mahaɗin da za ka latsa wai don kada a rufe asusunka, kada ka taɓa shi. A burauza, shafin shiga na gaskiya ga mai Hotmail adireshinsa login.live.com ne ko login.microsoftonline.com, ka karanta shi harafi bayan harafi kafin ka rubuta komai.