Amsar tambayarka kan shan man jif ɗin Alhaji

Salam ɗana, na ji saƙon muryarka tun la'asar, ina ƙarƙashin wata Prado ne shi ya sa sai yanzu na samu zama. Ka ce Alhaji mai Lexus LX570 ɗin nan ya dawo da ƙorafi wai motar na shan mai ba kaɗan ba, kai kuma ka ga an rubuta premium 91 a murfin tanki, shi ne kake tambaya ko man mu ne bai kai ba, ko a saya masa maganin kwalban nan da ake zubawa a tanki. Wallahi na ji daɗin tambayar, don yaron da ke tsayawa ya karanta murfin tanki kafin ya ɗauki sifana ina sa masa rai a sana'ar nan.

To ka saurara. Lambar nan ta okten da ka gani, ba ƙarfin mai take nunawa ba, juriyarsa ce. Ka san fistin na matse mai da iska sannan filogi ya ba da wuta, to idan man ba shi da juriya sai wani ɓangarensa ya fashe da kansa saboda matsi da zafi tun wutar filogi ba ta iso gare shi ba, shi ne ƙarar nan da kake ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani in tsohuwar mota ta kama hawa da kaya. Motocin yanzu akwai sensa a jikin bulok da ke jin wannan ƙarar tun kunnenka bai ji ba, sai ta faɗa wa birenbos, wato kwamfutar mota, shi kuma ya ɗan jinkirta wutar. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ɗan ragu, mai ya ɗan ƙaru. Ɗan kaɗan fa na ce.

Kuma kar lambar ta ruɗe ka, lissafin Amurka daban yake. Su a famfonsu 87 ne da 89 da 91 ko 93, kuma 87 ɗinsu shi ne wajen 91 a lissafin da mu da Saudiyya muke bi, 91 ɗinsu kuwa wajen 95 ne. Wanda ya je Umra ya lura da gidan mai zai ce maka akwai koren famfo na 91 da ja na 95. Mu nan Najeriya kala ɗaya muke da shi, ƙa'idarsa 91 a namu lissafin, kenan gaskiyarka ne motar Alhaji ta fi son wanda ya ɗara namu. Amma ga abin da nake so ka riƙe, injin da ke cikinta 3UR-FE ne mai lita 5.7, shi ne dai aka sa a Land Cruiser ta Amurka da Sequoia da Tundra na zamaninta, su kuma kamfani 87 ya rubuta musu. A takarda ƙarfin LX doki 383 ne, Land Cruiser 381. Doki biyu kacal! Shan man nasu ma a hukumance kusan ɗaya ne, wajen mil 13 a galan cikin gari, 17 zuwa 18 a babbar hanya, in ka juya shi namu kilomita biyar da rabi ke nan a lita ɗaya cikin gari, bakwai da 'yan kai a hanya. Haka aka ƙera ta, ko man jirgi ka zuba mata ba za ta koma Corolla ba.

Motoci masu tabo (turbo) irin LX600 da Range Rover mai sufacaja su ne suka fi jin bambancin mai, musamman a zafin Afrilu da kaya fal a bayansu. Maganin kwalba kuwa kar ka sa mutum asarar kuɗi, abin da yake ɗagawa bai taka kara ya karya ba. Gurɓataccen mai shi ne abin tsoro, na jarka da ya kwana a rana da datti da ruwa a gindi, ko irin wanda ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai metanol da yawa, ka dai tuna yadda aka sha wanke tanki da canjin famfon mai a lokacin.

Yanzu zo mu je inda man Alhaji ke tafiya. Ranar da muka gama masa birki ni na zauna a gaba direbansa ya ja mu gwaji daga Ƙofar Ruwa, ina kallon ƙafarsa. Danja na saki sai ya danne totur har ƙasa, giya ta sauko, injin ya yi ruri, mita ɗari a gaba kuma ga ɗan sahu ya tsaya ɗaukar fasinja sai birki, haka muka yi ta yi har muka dawo. Motar nan ta kai kilo 2,700 ba kowa a ciki, duk lokacin da ka tayar da wannan nauyin da ƙarfi mai ka ƙona, da ka taka birki kuma ka mayar da man nan zafi a faranti ya bi iska, ka taɓa wilin bayan mun tsaya ai ka ji yadda ya ɗau zafi. Direban kirki tun daga nesa yake hango tsayuwa ya ɗaga ƙafa ya bar mota ta gangara da kanta, kuma a motocin nan in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya da gudu birenbos yanke man yake yi.

Sai babbar hanya. Gaban jif kamar bango yake, kuma iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi, turjiyar da mota ke sha a 140 ta kusa biyun ta 100. Mai zuwa Kaduna a 140 zai riga ka isa, amma ku haɗu a gidan mai ka ga wa zai fi daɗewa a bakin famfo. Ƙara da keriya a sama da ƙaton ƙarfen gaba da manyan tayoyin daji da ake sa wa motar da ba ta taɓa barin kwalta ba, kowanne da nasa kason.

Wanda ya fi ci min rai shi ne zaman banza. Alhaji ya shiga ɗaurin aure ko taro awa biyu, direba ya kwantar da kujera da esi a kunne, V8 ɗin nan na cin kusan lita biyu duk awa ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Da safe kuma a bar ta minti ashirin wai tana ɗumi, wannan al'adar zamanin kafireto ce, ta yanzu minti ɗaya ya isa sai ka ja a hankali. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ai kowace lita ciwo take yi, har ga mai hali.

Amma kafin ka ɗora wa direba laifi ka share ƙofar gidanmu tukuna. Ka sa kwamfuta ka duba ko sensar oksijin ta mutu, ka duba filtar iska da sensar da ke bayanta, ka leƙa ko an fasa indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Musamman ka duba tamosta, don akwai masu cire ta su haɗa fanka dairek wai ƙasarmu da zafi, sai injin ya ƙi kaiwa zafin aikinsa, birenbos ya ɗauka har yanzu asuba ce ya yi ta ƙara mai. Ni ba a wannan aikin a garejina kuma kar na ji ka yi shi. Iskar taya kuma ka bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba, ka kuma tabbatar ba a manta makullin difaransha a kunne ba.

Gobe in Allah ya kai mu ka ce a cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka mayar da tirif, wato ma'aunin nisan tafiya, sifili, su yi yawonsu na sati sannan a sake cikawa a famfon nan dai, ka raba tafiyar da litar da ta shiga. Ka tuna motar Amurka ce mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6. Sati na biyu kuma ka roƙi direban cikin ladabi, don ya girme ka, ya sassauta ƙafa ya daina barin ta a kunne, sai ka kawo min lissafin biyu mu zauna mu duba tare.