Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan tsakuwar ƙodar maigidanta

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Na ga kin ce karo na uku kenan tsakuwa na dawo masa kuma duk ta gefen hagu, sikanin ya nuna ƙoda ta kumbura, likita ya ce bututun ne ya tsuke sai an yi aiki, ke kuma kina neman maganin da zai narkar da ita. To ni na sha wannan wahalar da kaina shi ya sa na kasa yin shiru.

Abin da ban gane ba da farko shi ne tsakuwar ba ita ce asalin ciwon ba. Bututun nan da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara tsawonsa wajen santimita 25 zuwa 30 ne, siriri sosai, in wani waje ya tsuke fitsari sai ya riƙa kwanciya a sama, kwantaccen fitsari kuwa shi ke tara tsakuwa. Wani haka aka haife shi, matsewar na can sama inda bututun ya haɗu da ƙoda, wani ma bututu biyu gare shi a gefe ɗaya. Nawa ƙasa ne kusa da mafitsara, likitan ya tambaye ni ko na taɓa fitsarin jini ina yaro, na ce yo wa bai yi ba a garinmu, kullum muna cikin dam muna wanka har ana mana kallon mun zama maza. Ashe tsargiyar nan ce ta bar tabo. Ki tambayi maigida wannan.

Na ɓata kusan shekara biyu ina shan jiƙe-jiƙe da allurar kemis, ciwon kuiɓin ya lafa na ɗauka na warke, ashe ƙodar ce ke ta lalacewa shiru. Ƙaramar tsakuwa da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta in hanya a buɗe take, amma ta ina za ta bi in ƙofar a matse? Ko da injin aka farfasa ta ɓarɓashin a nan zai maƙale.

Sikanin na yau da kullum yakan nuna kumburi, wani lokaci har da tsakuwar, amma bai cika nuna inda bututun ya tsuke ba. Ku nemi hoton CT, irin wanda ake yi da allurar kala shi ke nuna daidai inda ya tsuke, amma sai an fara gwajin jini na aikin ƙoda, da na fitsari. Kuma likitan mafitsara za ku gani, a asibitin koyarwa.

Ni an cire tsakuwar, aka yanke wajen da ya tsuke aka sake dasa bututun a mafitsara, aka bar min wata 'yar roba a ciki da suke ce wa DJ. Tana da damu gaskiya, yawan fitsari da ɗan jini-jini, bayan sati 6 aka cire min. Don Allah ki rubuta ranar cirewa a takarda, in aka manta da ita tsakuwa ke naɗe ta, wani da muka kwanta ɗaki ɗaya abin da ya dawo da shi kenan.

Kafin a yi aikin, maigida ya dage da shan ruwa, ya rage gishiri, ya bar haɗiyar diclofenac ba da izinin likita ba. In kuwa zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da ciwon, ko fitsari ya ɗauke, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti kar ku jira gari ya waye.